Gishiri a Aljihu

A wajen wani suna da aka yi a Fort Washington, nan Amurka, ɗan wani abokina ya tambaye ni aikin da na yi kafin in koma aikin asibiti. Na faɗa masa a taƙaice. Ya yi dariya ya ce, “Kawu, ke nan gishiri kuke sawa a oven, kwamfuta ta ba ku lamba? Ai wannan ko da waya sai a yi shi.” Sauran samarin suka taya shi dariya. Ban ji haushi ba, don haka aikin yake a idon wanda bai yi ba. Amma ban iya ba shi amsa a tsaye da farantin shinkafa a hannu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Iskar da ke lulluɓe da duniya bargo ce Allah Ya rufa mana. Kumbon da ke kewaya duniya kusa-kusa ya fita daga cikin bargon. A can akwai wani abu da ake kira radiyeshan, yana ratsa ƙarfe ya ratsa fata, ba a ganinsa, ba a jin zafinsa. Wani daga rana yake zuwa, wani daga can bayan taurari, wani kuma ya taru a sama da tekun da ke tsakanin Afirka da Kudancin Amurka, inda kumbo ke bi yana ratsawa. Kowane ɗan sama-jannati yana da mudunsa. In ya cika, likitoci su ce ya sauka ke nan, ba zai sake hawa ba. Aikinmu shi ne mu faɗi abin da ya shiga mudun.

Abin awon namu ƙwaya ce fara mai kusurwa huɗu, ba ta kai ƙwayar masara ba, kaurinta kamar farce. A asalinta wani nau'in gishiri ce, ba na miya ba, don haka ni da maigidana gishiri muke ce mata. Halinta ɗaya: duk radiyeshan ɗin da ya ratsa ta, tana riƙewa. Ba ta canza launi, ba ta ƙara nauyi. Sai an ɗora ta a ɗan farantin ƙarfe cikin na'ura mai duhu an gasa ta, sannan ta saki abin da ta riƙe, ya fito kamar ɗan haske da ido ba ya gani sai idon na'ura. Yawan hasken shi ne yawan abin da ta sha. Kuma sau ɗaya take magana. Da ta faɗi, ta manta. In na'urar ta yi tari a lokacin, ko kai ka yi, to mako biyu ko wata shida da ƙwayar ta yi a sama sun tafi, babu mai dawo da su. Wannan shi ne abin da waya ba ta yi.

Maigidan nawa Dakta Pam ne, mutumin Jos, gajere mai furfura, shi ke shugabantar wani ɗan ɗakin gwaji da ke karɓar kwangilar irin wannan awo a kusa da Laurel. Gadi nake yi a ƙofar ginin lokacin da muka haɗu. Ya ji ina waya da Hausa, ya tsaya ya ce, “Kai Bakano, me ya kawo ka garin sanyi?” Na ce masa abin da ya kawo shi. Ya tambaye ni sana'ata a gida, na ce shekara tara na yi a ɗakin duhu na wani asibiti ina wanke hoton ƙashi. Ya ɗauki littafin da nake rubuta sunayen masu shiga da fita, ya daɗe yana duba rubutuna. Bayan wata biyu na ajiye kakin gadi na sa farar riga.

Aikina na farko jera gishiri ne a faranti mai ramuka. Ƙwayar ba ta da lamba a jikinta, raminta shi ne sunanta. In ta bar rami na bakwai ta faɗa na takwas, ta zama wata. Ba a taɓa ta da hannu, don maiƙon yatsa in ya ƙone shi ma haske yake bayarwa, sai ta yi ƙarya. Da wani hantsaki mai zuƙar iska ake ɗaukar ta. A makona na biyu atishawa ta kama ni, ƙwaya ɗaya ta yi tsalle. Daga azahar har la'asar ina rarrafe a ƙasa. Da na gan ta a gindin kujera na kawo wa Dakta a tafin hannuna ina murna. Ya karɓa ya jefa a kwandon shara.

“Sannu da aiki, Malam Sabi'u,” ya ce. “Ka samo mini gawa.”

Dokokinsa ba su da yawa. Gishiri ko dai yana faranti, ko yana cikin akwatin dalma, ko yana hannunka a cikin jakarsa kana kallonsa. Ban da aljihu. Kullum sai ya maimaita. “Ku Kanawa komai aljihu. Goro aljihu, carbi aljihu, da za a ba ku akuya ma sai kun gwada. Gishirina ban da aljihu.” Ni kuma in ce masa mutanen dutse ba su san darajar aljihu ba tunda ba su daɗe da fara sa wando ba. Sai ya yi dariya har ya dafa tebur. Haka muka yi shekaru.

Akwai kuma ’yan zaman gida. Duk lokacin da za a aika gishiri sama, sai a ware wasu daga cikin ’yan uwansu su zauna a ƙasa cikin akwatin dalma. Ko a nan duniya ƙasa da bango da duwatsu suna fitar da nasu radiyeshan ɗin kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa. In matafiya sun dawo, a gasa su, a gasa ’yan zaman gida, a cire na gida daga na tafiya, abin da ya rage shi ne na sama. Sannan daga kowace jaka da ta dawo muna ajiye ƙwaya biyu ba a gasa ba, ko da wata rana za a yi gardama.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai wata malamar jami'a da ta aika irin tumatir sama, tana son sanin abin da ya sha. Duk bayan awa biyu sai ta bugo waya. Akwai likitocin ’yan sama-jannati, su ba sa bugowa, takarda suke turowa mai layi ɗaya. Dukkansu nan take suke son lambar. Babu wanda ya taɓa tambayar wane ne ya riƙe hantsakin, kuma haka ya kamata. Sunan mai awo ba ya fitowa sai in awon ya ɓaci.

Dakta yana da aikin kansa, ban da na kwangila. Wata irin roba ce mai kauri ya haɗa, yana son a jera ta a bangon wurin da ’yan sama-jannati ke barci, ta rage musu abin da suke sha. Shekara shida yana rubuta takardu yana bin ofisoshi kafin a ba shi wuri a cikin kumbon nan mai fukafukai da ke sauka kamar jirgi. Wurin bai fi akwatin takalmi ba. A lokacin kowa ya san an kusa daina tashin wannan kumbo, ba za a sake ba shi wani wurin ba. Jaka biyu muka shirya, kowace da ƙwaya goma sha biyu. Ɗaya za ta zauna a fili, ɗaya a bayan robar. In ta bayan robar ta dawo da ƙasa da ’yar uwarta, Dakta ya yi gaskiya. Ni na gasa su na wanke musu ciki kafin tafiya, ni na jera, ni na liƙe jakunkunan. Ranar da suka tashi ya kawo tsire daga wani shago a Largo muka ci a tsaye.

A shekarar ce aka samu ciwon daji a maƙoshin maiɗakina, Rakiya. An yi mata aiki, amma ciwon ya riga ya sauka ƙirji. Likitoci suka ce za su ba ta wani kafso na aidin mai radiyeshan, ya bi jini ya ƙone abin da ya rage. Mako biyu kafin a ba ta aka hana ta gishirin kanti da kifi da madara. Miyar kuka take yi lami, ta zuba mini nawa gishirin a gefe.

“Ikon Allah,” take cewa. “Miji yana can yana gasa gishiri, matarsa an hana ta lasa.”

Duk maganin nan inshorar wurin aikina ce ke ɗauke da shi. Ku riƙe wannan, don shi ne igiyar da ta ɗaure ni daga baya.

Jakunkunan sun dawo ranar wata Juma'a. Na sa hannu na karɓo su a ofishin karɓar kaya da ke ƙasa, na hau da su. Na buɗe akwatin dalma na sa ta farko, ta fili. Ta biyu tana hannuna waya ta yi ƙara. Rakiya ce. An ba ta kafson tun da hantsi, an sallame ta, matar da ta yi alkawarin ɗauko ta kuma an riƙe ta a wurin aiki. An ce kada ta hau bas ko tasi, saboda kwana da kwanaki jikinta zai riƙa fitar da radiyeshan. Tana zaune ita kaɗai a wani ɗaki. Na nemi takarda in rubuta lambar ƙofar da zan same ta. Hannuna ɗaya waya, ɗaya jaka. Ban san lokacin da na zura jakar a aljihun ƙirjin jaket ɗina ba. Na rufe akwatin, na kulle, na fita.

An ba mu takarda a asibitin: ta zauna a kujerar baya, ɗakinta daban, kofinta daban, kada in matso kusa da ita fiye da taku uku. Na fi wanda ya rubuta takardar sanin dalili. A mota ta ce, “Malam, yau ni ce kumbon. Sai ka auna ni.” Da muka isa gida, benenmu hawa biyu ne, babu lifta. Ta hau matakala huɗu ƙafafunta suka ƙi. Na sunkuya zan ɗauke ta.

“Matsa can,” ta ce. “Kai da ka san abin nan.”

“Na sani.”

“To matsa mana.”

Na ɗauke ta. Da na kwantar da ita sanyi ya kama ta, haƙoranta suna haɗuwa, bargo biyu bai yi ba. Na zauna a bakin gado na jingina ta da ƙirjina, wuyanta daidai aljihun. Haka muka zauna har aka yi la'asar, har rana ta sauka daga taga. Da ta yi barci na cire jaket ɗin na rataye a jikin gadon, wajen kanta. Nan ya kwana uku.

Ranar Litinin a wurin ajiye motoci na sa hannu neman katin shiga, na taɓa jakar.

Na daɗe a cikin motar. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in hau in ce, Dakta, ga abin da ya faru. Amma jakar ba ta Dakta kaɗai ba ce, akwai takardun gwamnati a kanta, duk inda ta kwana sai an rubuta. Wanda ya kai kayan da suka dawo daga sama gidansa ya kwana da su, ba ya kai ƙarshen mako a wurin. In na fita, inshora ta fita, ga Rakiya da sauran zagaye biyu na magani. Na ce wa kaina wataƙila abin da ƙwayoyin suka sha bai taka kara ya karya ba. Na san ƙarya nake yi. Na riga kowa hawa, na buɗe akwatin dalma, na sa jakar kusa da ’yar uwarta.

Ni na gasa su, Dakta yana tsaye a bayana da kofin shayi. Na fili goma suka fito daidai yadda ake zato. Na ɗauki ta farko daga bayan robar, na ɗora, na rufe. Layin ya hau a fuskar kwamfuta, ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya ci gaba da hawa. Dakta ya ajiye kofin. “Sake wata.” Na sake. Har goma. Kowace na ɗora na san ina share ta, kuma na ɗora. Lambobin suka nuna wanda ya kwanta a bayan robar Dakta ya fi wanda ya kwanta a fili shan radiyeshan.

Mako uku ya yi yana neman kuskurensa. Ya kwance na'urar ya ɗaura. Ya gasa ’yan zaman gida, suka fito lafiya. Ya dawo da lissafinsa na shekara shida yana bi layi-layi, abinci sai in na ajiye masa a gaba. Sau ɗaya bai tambaye ni ko na yi wani abu ba. Har tambayata yake, “Yaya jikin Madam?” in ce da sauƙi.

Ranar da na yi magana, ya kira ni ne ya nuna mini takardar da ya rubuta. Ya ce tunda awo ya nuna haka, dole ya sanar cewa robar tana ƙara cutarwa, kada wani ya sake jera irinta a wurin barcin mutane. “Awo ba ya ƙarya, Malam Sabi'u. Ni ne na yi kuskure.” Ya ɗauki biro zai sa hannu.

Na ce, “Dakta, jakar a aljihuna ta kwana.”

Na faɗa masa duka, ina tsaye. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

“Aljihun ba komai,” ya ce. “Ko ni ne zan ɗauke ta. Amma da ka gaya mini ranar Litinin, kafin ka gasa. Akwai yadda ake gasa su a hankali, wuta ta yi sama sosai. Na sama da na asibiti ba iri ɗaya suke fitowa ba. Da wataƙila mun raba su. Wataƙila.” Ya mayar da tabarau. “Goma ka gasa ina tsaye a bayanka.”

Biyun da suka rage a ajiya daga jakar ba su isa a kafa hujja da su ba. Ya yaga takardar farko ya rubuta wata, cewa jakar ta gurɓace a hannun ɗakin gwajinsa bayan saukowa, sakamakon ba shi da amfani. Sunansa kaɗai ya sa. Da aka kira shi aka tambaye shi wane ne ya gurɓata ta, ya ce shi ne shugaban ɗakin. Ban rasa aikina ba. Rakiya ta samu zagayenta biyu. Shi kuma ba a sake ba shi wuri a wani kumbo ba, kuma da lokacin sabunta kwangila ya zo aka kai ta wani wuri. Bai ƙara ce mini Bakano ba. Malam Sabi'u kawai, da ladabi, kamar baƙo.

Rakiya ta rasu da kaka ta zagayo, ganye na zuba. Allah Ya jiƙanta. Ban taɓa gaya mata maganar jakar ba. Dakta ya zo jana'iza, ya tsaya daga baya da hularsa a hannu har aka gama.

Bayan wata huɗu muka rufe ɗakin gwajin. Dama sana'ar tana ja da baya, an samu na'urori masu turo lamba daga sama kai tsaye, masu neman mai hantsaki sun ragu. Muna ɗaure kaya a kwali ya buɗe akwatin dalma, ya fito da ƙwayoyin nan biyu na ajiya. Ya jefa ɗaya a shara. Ɗayar ya naɗe a baƙar takarda ya miƙo mini.

“Wannan ba ta sama ba ce yanzu,” ya ce. “Rabinta na Madam ne. Ka sa a aljihu.”

Ya koma koyarwa a wata ƙaramar kwaleji, daga baya na ji ya tafi Jos. Na rubuta masa sau biyu. Ni kuma na samu aiki a wani asibiti a Largo, ina tattara bajojin awo na ma'aikatan ɗakin hoto ina aikawa wani kamfani ya karanta. Har na yi ritaya ban sake gasa gishiri da hannuna ba.

Ƙwayar tana nan cikin wani ɗan gwangwanin turaren Rakiya, a ƙasan akwatin kayana, nesa da hitar ɗumama ɗaki, nesa da taga, kada zafi ya sa ta saki abin da ta riƙe. A cikinta akwai kwana goma sha wani abu na kewaya duniya, akwai matakalar benenmu, akwai yinin Juma'ar nan daga azahar zuwa faɗuwar rana. Na san mutum biyu da har yanzu suke da na'urar. In na kai musu, cikin minti ɗaya za ta saki haskenta, in ga layin ya hau ya sauka, shi ke nan ta zama farar ƙwaya kamar kowace. In kuma na bar ta, na san abin da ke faruwa, don aikina ne. Gishiri yana zubar da abin da ya riƙe kaɗan-kaɗan ko ba a taɓa shi ba. Bango da ƙasa kuma suna ƙara masa nasu kowace rana. Shekara tana rage na Rakiya, tana ƙara na bango. Wata rana ko an gasa, ba wanda zai iya nuna inda take a ciki.

Ban kai ba, ban kuma yar ba. Duk Juma'a in na dawo masallaci nakan buɗe akwatin in taɓa murfin gwangwanin in ji ko ya yi ɗumi, sannan in rufe.